Ni AA matata AS, amma yaronmu ya fito SS: amsa ga wani ɗan'uwa daga Gombe

Ga tambayar a taƙaice kamar yadda ta zo: "Assalamu alaikum likita. Kafin aurenmu mun yi gwajin jinotaif, takardata ta nuna AA, ta matata AS, aka ce mana ba matsala. Yanzu yaronmu na fari ɗan wata 10 hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura yana ta kuka, muka kai shi asibiti aka gwada aka ce SS ne. 'Yan'uwana sun fara ƙananan maganganu a kan matata. Ta yaya hakan zai yiwu? Kuma akwai maganin da zai warke gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ku juriya kai da mamansa. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin ma mu shiga bayanin jini: takardar jinotaif ɗin nan da ke hannunka ba hujja ba ce da za a zargi matarka da ita, ko kusa. A ɓangaren cututtukan jini nake aiki, kuma irin wannan maganar taka tana zuwa mana ba sau ɗaya ba sau biyu ba, mafi yawan waɗanda na gani da an sake gwaji a inda ya dace sai ka ga mai AA ɗin nan ashe AS ne tun fil azal, takardar ce ta yi ƙarya ba matar ba. Dan haka ka tsawatar wa 'yan'uwanka tun yanzu, kar ka jira sai sakamako ya fito, saboda kalma ɗaya in ta shiga kunnen mace mai jinyar ɗa ba ta fita da wuri.

Toh yanzu ga yadda gadon yake. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Umarnin ƙera shi yana rubuce a ƙwayar gado, ɓangaren da ya shafe mu yana kan kuromozom na 11, kuma kowane mutum kwafi biyu gare shi, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. A shi ne lafiyayye. S kuma canjin harafi ɗaya tak ne a cikin wannan rubutun, amma wannan ɗan canjin ya isa ya sa himogulobin ɗin ya riƙa sandarewa duk lokacin da iska ta yi ƙaranci, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Inda jini ya kasa wucewa nan ciwo ke tashi, kumburin hannu da ƙafar yaronka kenan, kuma shi ne alamar farko da muka fi gani a jarirai. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kai kwana 120, ta mai SS, wato mai sikila, kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi yasa kullum jininsu ke ƙasa, idonsu ya riƙa yin rawaya. In kana mamakin me yasa sai yanzu abin ya bayyana, jariri yana zuwa duniya da wani himogulobin na daban, na cikin ciki, F ake ce masa, shi baya lanƙwashewa, sai wajen wata 6 yake ja da baya S ya samu fili. Ka riƙe maganar F ɗin nan, za mu dawo kanta a wajen magani.

Kaga a bisa wannan lissafin gaskiyarka ne, AA na gaskiya da AS ba za su haifi SS ba, sai dai AA ko AS. Dan haka ko dai kai ba AA ba ne, ko kuma yaron ba SS zalla ba ne, wani abu ne mai kama da shi.

Na farkon shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Gwajin da yawancin dakunan gwajin jini namu ke yi shi ne wanda ake ɗiga jini a kan wata 'yar takarda a ba shi wutar lantarki, kowane irin himogulobin ya yi tafiyarsa ya tsaya a nasa layin, sai ma'aikaci ya duba da ido ya rubuta. Gwajin kansa ba shi da laifi in an yi shi yadda ya kamata, amma dubi inda ake yinsa: wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ruwan sinadarin ya tsufa ba a canja ba, ba a jera jinin da aka riga aka san AS ne a gefe don kwatantawa ba, ko an haɗa kwalabe goma an rubuta suna a gurguje an musanya na wani da na wani. Akwai kuma wuraren da ba wannan gwajin ma suke yi ba, wani ɗan gwaji ne mai arha da kawai yake cewa akwai S ko babu, baya iya raba AS da SS, amma sai a rubuta maka jinotaif a takarda a buga hatimi. Sannan duk wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce, gwajinsa ba abin dogaro ba ne, domin jinin wani ake karantawa tare da nasa. Akwai kuma wadda ba a so a faɗa amma kowa ya san ana yi, saurayi ko budurwa ko wata gwaggo ta je ta bayan fage a rubuta AA don kar aure ya fasu. Ban ce kai ka yi ba Malam, tunda da ka yi ba za ka turo wannan tambayar ba, amma masu karatu su ji: wanda ya sayi takarda ɗansa ne zai biya bashin da jikinsa.

Na biyun kuma mutane ƙalilan ne suka san da shi, har cikin ma'aikatan lafiya. Akwai wani ciwon gado da ake kira bita talasimiya, a kan wannan ƙwayar gadon dai yake, sai dai shi ba lanƙwasa jini yake ba, kwafin ne baya aiki, ko dai baya ƙera A gaba ɗaya ko yana ƙera kaɗan. Mutumin da ke ɗauke da kwafi ɗaya lafiyarsa lau, kuma in aka yi masa gwajin takardar nan A kawai za a gani, sai a rubuta AA, kuma ma'aikacin bai yi kuskure ba abin da ya gani ya rubuta. Toh in wannan mutumin ya auri AS, yaro ya ɗauki S daga uwa, ya ɗauki kwafin da baya aiki daga uba, jikinsa kusan S kaɗai zai riƙa ƙerawa, a gwaji ya fito sak SS, kuma ciwon ma kusan iri ɗaya ne. Wannan ya fi yawa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Indiya, amma akwai shi a Afirka ta Yamma, a nan ma muna cin karo da shi. Bayan shi akwai wasu ire-iren himogulobin kamar D da G da suke tsayawa layi ɗaya da S a wannan gwajin, su ma suna rikita sakamako, sai dai basu da yawa a wajenmu.

Abin yi a fili yake. Ku ukun, kai da ita da yaron, ku je asibitin koyarwa ko babban asibiti mai sashen cututtukan jini a ɗebi jininku rana ɗaya, ku nemi gwajin da ake kira HPLC, shi na'ura ce ke auna kowane irin himogulobin ta ba da adadinsa kashi nawa cikin ɗari, ba aikin ido ba ne. A haɗa da cikakken ƙidayar jini. In kai AS ne nan take za a gani. In kuma bita talasimiya ce, likita zai ga wani himogulobin da ake kira A2 ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, ƙwayoyin jininka kuma sun fi na sauran mutane ƙanƙanta. Ba sai kun je Kano ko Abuja ba kafin ku fara, ku fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya na nan Gombe, yana cikin cibiyoyi 6 da gwamnatin tarayya ta ware wa sikila, ɗaya a kowace shiyya, shi ne na Arewa maso Gabas. Mutanen Bauchi kuma ga asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), ga na tarayya a Azare. In an yi wa yaron ƙarin jini a wannan kwanciyar ku faɗa wa likita kafin a ɗiba.

Ba zan ɓoye maka ba tunda da gaske ka tambaya: shin a duniya ana samun inda yaro ba na mijin ba ne? Ana samu. Amma gwajin jinotaif ba a yi shi don amsa wannan tambayar ba kuma ba zai iya ba, kuma wanda bai sake gwada nasa jinin ba ba shi da bakin da zai tayar da ita. Malamai sun fi ni sanin wannan fagen, amma akwai hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya zo wa Annabi SAW yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, ya ce akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, ya ce daga ina ya samo, mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi, Annabi ya ce to ɗanka ma wataƙila haka ne. Ka kai wa 'yan'uwanka wannan. Kuma ka sani ko wanne ne sakamakon ya nuna a cikin biyun nan, rabin ciwon yaron nan daga jininka ya fito, wato daga jinin su masu maganar, ƙila wasunsu ma suna ɗauke da shi basu sani ba. Wannan yana ƙona min rai matuƙa, yadda a garuruwanmu kullum uwa ce ke ɗaukar laifi, a ce danginta ne masu ciwo, har a sake ta da jariri mara lafiya a hannu, alhali sikila ba ta taɓa zuwa ta gefe ɗaya.

Kuma ba ku kaɗai ba ne. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi shi ne ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu. Dalilin yawan ba tsinuwa ba ce ba kuma sammu ba, sauro ne. Tun 1954 wani mai bincike Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi tsira daga maleriya mai tsanani, kaga a ƙasar da maleriya ke kwashe yara su ne suka fi rayuwa su girma su hayayyafa, haka S ɗin ya yi ta yaɗuwa tsawon dubban shekaru. Mai AS lafiyayyen mutum ne, ba rabin mara lafiya ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka, kuma AS ba ya rikiɗa ya koma SS. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin yaran da kakanninmu ke ce wa 'yan wabi, a haifa su koma a haifa su koma kafin yaye, wannan ciwon ne ya haɗu da maleriya babu wanda ya san sunansa. Auren zumunci da muke yi sosai a nan, musamman a gidajen Fulani, shi ba ya ƙirƙirar S, amma in akwai shi a dangi yana ƙara yiwuwar miji da mata su haɗu a kai. Sai dai da yawan AS ɗinmu, ko bare ka ɗauko daga Kaltungo ko Misau sai an gwada.

Yanzu mu koma kan yaron, wanda shi ne ya kamata a ce duk gidan sun tattaru a kansa. Abin da ke kashe yara masu sikila kafin shekara 5 ba ciwon ƙashin ba ne duk da shi ya fi tayar da hankali, ƙwayoyin cuta ne da maleriya da faɗuwar jini farat ɗaya. Saifar mai sikila tana lalacewa tun yana ƙarami, ita kuwa ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini musamman masu kawo limoniya da sanƙarau. Shi yasa ake ba su fenisilin na sha safe da yamma kullum har su kai shekara 5, binciken da aka yi a Amurka a 1986 ya nuna wannan ɗan maganin mai arha ya rage irin wannan mummunar cutar da kashi 84 cikin ɗari. A tabbata ya kammala rigakafinsa duka har da na limoniya, a ba shi folik asid, a ba shi maganin kariyar maleriya irin su Paludrine yadda likita ya tsara, ya kwana cikin gidan sauro rani da damina. Ruwa ya wadata, nono a ci gaba da ba shi. Da hunturu a sa masa safa da hula, kar a yi masa wanka da ruwan sanyi da sassafe, da bazara kuma lokacin da Gombe ke ɗaukar zafi a watan 3 da na 4 a ƙara masa ruwa, domin sanyi da bushewar jiki duk suna tayar da ciwon.

Zazzaɓi a jikin wannan yaron ba irin zazzaɓin sauran yara ba ne. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye, in ya kai 38.5 asibiti za a tafi a wannan lokacin ko da ƙarfe 2 na dare ne, ba a ba shi farasitamol a jira gari ya waye ba, sa'o'i kaɗan sun isa cuta ta mamaye jininsa. Haka in ya yi fari fat ya yi laushi, cikinsa ya kumbura ta gefen hagu, wannan jini ne ya taru a saifa kuma yana iya kisa cikin yini ɗaya, ku roƙi likita ko nas ta koya wa mamansa yadda ake taɓa saifa da hannu, iyaye mata suna iyawa sosai in an nuna musu. Numfashi da sauri ko tari da ciwon ƙirji, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko baki ya karkace, duk na gudu ne. Kuma don Allah a nisanta shi da wanzami, ba tsaga ba ƙaho ba cire beli, yaron da jininsa ke ƙasa ba shi da na zubarwa, kaciya ma a asibiti da sanin likitansa. Kar a saya masa maganin ƙarin jini na kwalba mai sinadarin ƙarfe a kemis sai likita ya gwada ya ce yana buƙata, ƙarancin jininsa ba na rashin ƙarfe ba ne. In ya girma kuma ku yi hattara da allurar nan fentazosin da ake yi wa masu sikila a kemis duk lokacin da ciwo ya tashi, mun ga matasa da yawa da ta zame musu jaraba ta lalata musu cinyoyi da hannuwa.

Akwai abu ɗaya da iyaye da yawa basu san ana yi ba. Yara masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki, in ba a yi komai ba wajen 1 cikin 10 kafin su kai shekara 20, kuma ana iya hango shi kafin ya zo. Daga shekara 2 zuwa 16 ana yin wani hoto da ake kira TCD sau ɗaya a shekara, ba allura ba zafi, ana ɗora na'ura a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in gudun ya kai 200 ko ya wuce yaron na cikin haɗari sai a ɗauki mataki. A ƙasashen da suke da wadatar jini ƙarin jini ake yi duk wata, mu kuwa kowa ya san wahalar samun leda ɗaya. A nan ne likitocinmu na Kano suka yi abin a yaba, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi binciken da ya nuna maganin haidiroksiyuriya yana rage wannan haɗarin a yaranmu ko da ƙaramin awo ne, an buga sakamakon a 2022.

Shi wannan haidiroksiyuriya shi ne maganin da nake so ka tambayi likitan yaronka a kai a zuwanku na gaba. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya koma ƙera F ɗin nan na jarirai da na ce ka riƙe, in F ya yi yawa a ƙwayar jini S baya samun damar sandarewa. Yana rage tashin ciwo, yana rage kwanciya asibiti da ƙarin jini, kuma ana iya farawa tun daga wata 9. Wani babban bincike a Angola da Kongo da Kenya da Uganda da aka buga a 2019 ya nuna yana aiki lafiya a yaran Afirka, har mace-mace da maleriya suka ragu a cikinsu. Mutane suna tsorata in sun ji asalinsa maganin ciwon daji ne, wato kansa, amma awon da ake ba masu sikila daban ne, kuma an shafe fiye da shekara 25 ana amfani da shi a kansu, Amurka ta amince da shi tun 1998. Sharaɗinsa dai ba a shansa da ka, sai da likita da gwajin ƙidayar jini lokaci lokaci. Matsalarsa ta gaskiya a wajenmu kuɗi ne, saye ne na kowane wata ba hutu, in kana da inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya ka bincika ko yaron zai shiga.

Maganar warkewa gaba ɗaya kuma, e akwai, amma ba a kwalbar mai magani a tasha ko a rediyo take ba, duk wanda ya ce zai mayar da SS ya koma AA da jiƙo kuɗinka yake so. Hanyar da aka tabbatar ita ce dashen ɓargo, a kashe ɓargon yaron da magunguna masu ƙarfi a sa masa na wani, kuma ya fi yin kyau in na ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya wanda jikinsu ya dace, damar dacewar kowane ɗan'uwa 1 cikin 4 ce, kuma mai AS ma yana iya bayarwa. In an samu haka fiye da 9 cikin 10 na yara suna rabuwa da ciwon. An fara yi a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, a 2024 kuma na Legas ya fara tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya, wasu kuma Indiya suke tafiya. Kuɗin miliyoyi ne masu yawa, kuma akwai haɗari, jiki na iya ƙin dashen, ana iya rasa haihuwa, wasu ma suna rasa rai, shi yasa ba kowane mai sikila ake ba shawarar ya yi ba. Sabon abu kuma shi ne gyaran ƙwayar gado da fasahar CRISPR, a ciro ƙwayoyin ɓargon mutum shi kansa a kashe makunnin da ke hana F fita a mayar masa, Ingila ta amince da maganin mai suna Casgevy a watan Nuwamba 2023, Amurka a Disamba, farashin da aka sa masa a lokacin dala miliyan 2.2 mutum ɗaya.

Ni abin da ke damuna ba rashin wannan ba ne. A Ingila da Amurka fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara masu sikila suna kaiwa girma, kuma sun kai wannan matsayin tun kafin a san CRISPR, da gwajin jarirai ranar haihuwa da fenisilin da rigakafi da TCD suka kai. A Afirka kudu da Sahara kuwa ƙiyasi ya nuna rabi ko fiye ba sa kai shekara 5 in ba kulawa. Gana ta fara gwada jarirai a Kumasi tun 1995. Yanzu har akwai 'yan gwaje-gwaje irin su HemoTypeSC da ake yi da ɗigon jini ɗaya cikin mintuna ba wuta ba na'ura, an gwada su a Najeriya sun yi kyau, ba abin da zai hana a ajiye su a kowane asibitin sha ka tafi daga Nafada zuwa Balanga a riƙa yi ranar rigakafin farko. Da an yi wa yaronka haka da tun yana wata 2 ya fara shan kariya, da ba kumburi ne zai sanar da ku ba.

Saura maganar haihuwa ta gaba, na san tana ranka ko da baka rubuta ba. In ya tabbata ku biyun kuna ɗauke da shi, kowane ciki akwai damar 1 cikin 4 ya zo da ciwon, 2 cikin 4 mai ɗauke da shi lafiyayye, 1 cikin 4 AA. Kar wani ya ce maka tunda na fari ya ɗauka ukun da ke tafe sun tsira, ba layi ake bi ba, kowane ciki sabon lissafi ne, na ga gidan da yara uku a jere duk SS, na ga gidan AS da AS mai yara shida ba ko ɗaya. Akwai gwajin da ake yi wa ciki tun yana sati 10 zuwa 13 a gane jinotaif ɗin ɗan tayi, ana yi a Legas, akwai kuma haɗa ƙwai a waje a zaɓi lafiyayye kafin a dasa a mahaifa, mai tsada ne ƙwarai, kuma hukuncinsu a addini wajen malamai za ku je da bayanin likita a hannu. Wasu ma'auratan suna tsayar da haihuwa, wasu suna ba da tazara mai tsawo don su iya da jinya, wasu suna ci gaba da tawakkali. Ba aikina ba ne in zaɓa muku, amma shawarar taku ce ku biyu, ba ta dangi ba. In kuma wata rana ka yi niyyar ƙara aure, ka sani kai ma yanzu sai ka nemi AA wadda aka tabbatar.

Ga masu shirin aure da ke karanta wannan, Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, Saudiyya tun 2004 take yi, kuma abu ne mai kyau, amma in ana yinsa saura sati biyu ɗaurin aure an kai lefe an raba kati, matsin da ke sa a sayi takarda kenan. A yi shi tun yara suna sakandare, a maimaita a wani wuri daban kafin magana ta yi nisa, in sakamakon biyu suka saɓa a je HPLC.

Kai kuma Malam, in za ku je ku tafi da tsofaffin takardunku na kafin aure da katin rigakafin yaron, ku nemi a yi masa rajista a kilinik ɗin sikila na yara a ba ku ranar dawowa, kar ku tsaya sai ciwo ya tashi. In sakamakonka ya fito, ƙannenka da yayyenka da basu yi aure ba su ma su je a gwada su da irin wannan gwajin.